Abin da ya sa bakof ɗin daren jiya ya ci awa biyu

Ɗana, saƙonka ya same ni a mota, mun bar Ringim muna dab da Gezawa, shi ya sa ban kira ba. Ka ce bakof ɗin sabar makarantar nan, wato kwafin ajiya na bayanan babbar kwamfutarsu, wanda kullum yake gamawa cikin minti huɗu, jiya ya ci awa biyu da 'yan kai, alhali ba a ƙara komai a ciki ba. Kana tsoron ko faifan ne zai mutu. Sannan ka ƙara da cewa, "Dama Oga, ta yaya injin yake sanin abin da ya canza ba tare da ya karanta faifan duka ba?"

Faifan lafiyarsa ƙalau. Tambayarka ta biyun nan ita ce ke ɗauke da amsar ta farko, don haka da ita zan fara.

Ka san sito irin na 'yan hatsi a Dawanau, buhuna jere layi-layi har rufi. A ce mai siton yana so ya san halin da kayansa ke ciki kowace yamma. Ko dai ya sa a ƙirga buhunan kaf kullum, wanda wahala ce, ko ya zaunar da yaro a bakin ƙofa da allo da alli, kowane layi da gidansa a jikin allon. Duk wanda ya shiga ya taɓa layi na tara, yaro ya ɗiga alli a gida na tara. Da yamma layukan da ke da ɗigo kawai za a ƙirga, a goge allo, gobe a sake sabon lale. Yaron nan ba ya rubuta ko gero aka cire ko masara aka ƙara, shi dai an taɓa. In an taɓa layi ɗaya sau goma, ɗigo ɗaya ne. Wanda ya shiga ya duba da ido ya fita, ba a ɗiga masa komai. Kuma duk dabarar ta rataya ne a kan abu biyu: ƙofa ɗaya ce, yaro kuma bai yi gyangyaɗi ba.

To haka yake a sabarmu. Kwamfutoci ukun nan da muke cewa VM, wato kwamfutar da ke zaune cikin wata kwamfuta, babu wadda take taɓa faifan ƙarfe da hannunta. Duk abin da Windows ɗin ciki zai rubuta sai ya bi ta hannun QEMU, manhajar da Proxmox, tsarin da ke kan sabarmu, ke tafiyar da su da ita. QEMU shi ne yaron bakin ƙofa. Ya raba faifan gunduwa-gunduwa, kowace mega 4. Faifan makarantar giga 500 ne, ka ga gunduwa 128,000 ke nan. Kowace gunduwa ɗigo ɗaya take buƙata, sifili ko ɗaya, saboda haka allon gaba ɗaya kilobayit 16 ne, bai kai hoton da ake turo maka a WhatsApp ba. Shi ne abin da za ka ga an rubuta dirty-bitmap a rahoton aiki, ni taswirar canji nake ce masa. Lokacin bakof ya yi, sai a tambayi taswira, a kwashi gunduwoyin da ke da ɗigo, a bar sauran.

Nan ne yara ke rikicewa. Taswirar ba ta san fayil ba, ba ta san sunan ɗalibi ba. In malamin jarrabawa ya gyara harafi ɗaya a sunan yarinya, gunduwar mega 4 ɗin da harafin ya faɗa ciki duk ta ɗauki ɗigo. Shi kansa Windows ba ya zama shiru: yana rubuta rahotanninsa, yana sauke sabuntawa, yana juye abin da ya yi wa RAM yawa zuwa faifai (RAM ita ce ƙwaƙwalwar aiki da ke gogewa in wuta ta ɗauke). Shi ya sa ko ranar Lahadi da ba kowa a ofis za ka ga giga ɗaya ko biyu sun canza. Kada ka ƙara ce min "ba a taɓa komai ba". Mutum ne bai taɓa ba.

Yanzu daren jiya. Allon nan a cikin RAM yake, a hannun QEMU, ba a ajiye shi a faifai. Shekaranjiya hazo ya rufe rana, ga ƙurar da na ce ka goge a kan faranten sola tun ranar Talata, batir bai cika ba, inbata ta ɗauke kafin asuba. Saba ta mutu, allo ya tafi da ita. Ko da ma da hannunka ka kashe VM ɗin a tsanake, taswirar tafiya take yi. Abin da ba ya ɓatar da ita shi ne ka sake kunna Windows daga ciki, don a nan QEMU bai tashi daga bakin ƙofa ba. Da aka zo bakof, injin ya ga ba shi da shaidar abin da ya faru, sai ya koma ƙirga buhu ɗaya-ɗaya. Ya karanta giga 500 ɗin duka, kowace gunduwa ya fitar mata da tambarinta ta lissafin SHA-256, ya gwada da tamburan bakof ɗin baya, wadda ta zo daidai ya bar ta, wadda ta bambanta ya tura. Karatun ne ya ci awa biyu, ba turawar ba. Buɗe rahoton ka gani da idonka: a sama, inda ka saba ganin OK da adadin gigan da ya canza, jiya created new aka rubuta. Can ƙasa kuma layin reused zai nuna maka kusan komai tsohon aka maimaita. Na daren yau zai koma minti huɗunsa, in dai wuta ba ta sake ɗaukewa ba.

Kowane gida da yadda yake riƙe allonsa. Kamfanin VMware ne suka yi suna da abin, sun fito da shi a 2009 cikin manhajarsu vSphere 4, suna kiransa CBT. Ba CBT ɗin JAMB ba, kada ka je gaban mutane ka ba ni kunya. Su a faifai suke ajiye taswirar, cikin wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da ctk.vmdk kusa da faifan VM ɗin, kuma kowane bakof yana karɓar lamba, gobe manhajar bakof ta miƙa lambar ta ce a faɗa mata abin da ya canza tun daga nan. Don haka kashewa a tsanake ba ta ɓatar musu da ita, amma ɗaukewar wuta bagatatan tana iya sa a sake ta daga farko. Microsoft sun sa nasu a Hyper-V, manhajarsu ta tafiyar da VM, tun daga Windows Server 2016, fayil biyu suke ajewa, rct da mrt. Shi kansa QEMU ya sami taswirar a 2015, a 2017 ya koyi ajiye ta cikin faifai irin qcow2, sai dai Proxmox ba ta wannan hanyar yake bi ba wajen bakof ɗinmu.

Za ka ce to ai nasu ya fi. Ni ban yi saurin cewa haka ba. Taswirar da ta ɓata lokaci kawai take ci maka. Taswirar da ta yi ƙarya ita ce masifa. A 2014 aka gano cewa a VMware, in ka faɗaɗa faifai ya tsallake giga 128, taswirar tana iya ba da amsar da ba daidai ba. A 2015 aka sake samun wata matsalar makamanciyarta a manhajarsu ESXi 6.0. An gyara su daga baya, amma kafin nan bakof yana gamawa, yana nuna kore, alhali akwai gunduwoyin da suka canza ba a kwashe su ba, kuma ba mai sani sai ranar da aka zo mayarwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yaron da zai ce min "Oga, barci ya ɗauke ni, a sake ƙirgawa" ya fi min wanda zai miƙo allo tsaf alhali ya yi awa guda a wajen mai shayi.

Ni ma koren nan ya taɓa cin amanata, kodayake ba ta taswira ba. Shekarun baya, a wani ofis da ba zan kama suna ba, wata shida ina kallon alamar kore ina komawa gida da murna. Ranar da faifansu ya ƙone na zo mayarwa, sai ga gunduwa ɗaya ta lalace a faifan ajiya, kuma a kanta rumbun bayanan albashi ya zauna. Ka tuna tunda ba a sake tura abin da bai canza ba, gunduwar nan guda ɗaya duk bakof ɗin wata shidan ita suke nunawa. Kwafi talatin nake gani a jeri, ashe a wurin nan kwafi ɗaya gare ni. Kwana uku muna shigar da sunaye da hannu daga takarda, akawun yana zaune kusa da ni ko uffan ba ya cewa. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Abin da zai tayar maka da hankali kishiyar na jiya ne. In ka ga an rubuta OK, taswira lafiya, amma giga 300 ko 400 sun canza a dare ɗaya, to tsaya. Wataƙila wani ya kunna defrag, wanda ke kwashe bayanai daga nan ya mayar can, taswira kuwa duk ta ɗige. Wataƙila kuma ƙwayar cutar nan ce mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, don ita sai ta sake rubuta kowane fayil. In ka ga haka kada ka bari a share tsofaffin bakof ko ɗaya, ka zare wayar netwok, ka kira ni ko ƙarfe biyun dare ne.

Yau ka hau ka goge faranten nan da tsumma mai laushi kafin rana ta yi zafi, ba da omo ba. In ka sauko ka kunna verify a kan ma'ajiyar, zai bi gunduwoyin ya gwada kowace da tambarinta, zai daɗe, ka bar shi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, makaranta ba kowa, za ka mayar da bakof ɗin jiya cikin sabuwar VM mai wata lamba daban, da hannunka, ni ina zaune ina kallo. Ka cire mata katin netwok kafin ka kunna, in ba haka ba za ta yi karo da ta ainihin a kan adireshi ɗaya. Sai ka buɗe sakamakon 'yan aji uku ka nemo gyaran da malamin ya yi ranar Laraba.

Ina Beirut Road yanzu ina cinikin batir biyu, mai shagon ya kafe a kan kuɗinsa. In mun daidaita zan biyo motar la'asar, ka tanadi mai kura a tasha don ba su ɗaukuwa a babur.