Yulin 2015, lokacin da bankunan Girka suke a rufe: in fasa zuwa tsibirin Rodos?

Wannan tambaya da amsarta na watan Yulin 2015 ne, kuma halin da ake ciki a lokacin suke bayyanawa.

Tambaya: Malam, ni da maiɗakina mun samu bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, mun biya kuɗin jirgi da na otal don yin mako guda a tsibirin Rodos na ƙasar Girka a ƙarshen watan nan. Sai ga labari an rufe bankuna, mutane na layi a bakin na'urar cire kuɗi. Mu fasa ne, ko mu tafi?

Amsa: Ɗan'uwa, ku yi tafiyarku, amma da kuɗi a hannu. Matsalar Girka a wannan wata na Yulin 2015 ta ƙarancin tsabar kuɗi ce, ba ta tsaro ba. Tun ranar 29 ga Yuni gwamnatin Firaminista Alexis Tsipras ta rufe bankuna, bayan tattaunawa da masu bin ƙasar bashi ta watse, aka kuma ƙayyade wa kowane mai katin bankin Girka Yuro 60 a rana. Ranar 5 ga Yuli aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 61 cikin ɗari suka ƙi sharuɗɗan masu ba da bashin. Duk da haka jiragen sama na sauka, otal-otal da gidajen abinci na aiki.

Wannan iyaka ta Yuro 60 ba ta shafi katin da aka bayar a ƙasar waje ba. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka. Doka ta ba ka damar cirewa, amma idan na'ura ta ƙare babu abin da doka za ta yi maka, kuma a tsibiri sake cika ta na ɗaukar lokaci. Ga shi bankinka na gida ma yana da tasa iyakar kan abin da za ka cire a waje. Masu ƙananan shaguna da direbobin tasi da yawa sun fi son kuɗi hannu, domin abin da ya shiga asusunsu ta kati ba za su iya fitar da shi yadda suke so ba, masu kawo musu kaya kuma ba sa jira.

Don haka ka canza Yuron da zai ishe ku abinci, sufuri da sayayya na duka kwanakin tun kafin ku tashi, ka ƙara wani abu a kai saboda ɓacin rana. Ka dage a ba ka ƙananan takardu, na 5, 10 da 20. 'Yan 20 sun yi ƙaranci a can, har na'urori da dama 50 kawai suke bayarwa, don haka mai shayi ko mai kanti ba lallai ya samu canjin 100 ba. Ku raba kuɗin gida uku: wani a jikinka, wani wurin uwargida, sauran a akwatin ajiya na otal. Idan abin da kake ɗauke da shi ya kai Yuro 10,000, dole ka sanar da jami'an kwastan a wurin shiga Tarayyar Turai.

Abu na biyu da nake jan hankali a kai shi ne jirgin ruwa. Daga tashar Piraeus da ke kusa da Atina, babban birnin ƙasar, zuwa Rodos tafiya ce da ke wuce awa 12, alhali jirgin sama daga Atina kusan awa ɗaya ne. A Yuli da Agusta iskar arewa mai ƙarfi da suke kira meltemi takan hana jiragen ruwa tashi, kuma ma'aikatan jiragen sun saba shiga yajin aiki idan an kawo sabbin matakan tsuke bakin aljihu. Kada ka haɗa dawowarka daga tsibiri da jirginka na komawa gida a rana ɗaya. Ka bar kwana guda tsakani. Idan kwanan ya kama a Atina, ku nisanci dandalin Syntagma da ke gaban majalisa da yamma, nan ake taruwar zanga-zanga.

Duk wani magani da kuke sha kullum, na hawan jini ko na suga, ku taho da wanda zai wuce kwanakinku, tare da takardar likita, saboda takunkumin fitar da kuɗi ya sa shigo da kaya ya yi wuya. Inshorar lafiyar da ka yi don biza, ka riƙe takardarta a jiki. Lambar gaggawa 112 ce.

Ina roƙonka abu ɗaya: ka sassauta ciniki. Tsofaffin da ba su da kati suna layi a rana don karɓar Yuro 120 na fanshonsu, mutanen tsibiri kuma abin da suka samu a 'yan watannin nan na zuwan baƙi shi suke ci har shekara ta zagayo. Ka ci a ƙananan gidajen abinci na iyali, ka biya hannu da hannu.

Wajen abinci, yawancin gasasshen naman da ake sayarwa a titi, gyros da souvlaki, na alade ne, sai ka tambaya kafin ka saya. Kifi da salak da wake suna da yawa. Rodos na da tsohuwar al'ummar Musulmi tun zamanin Daular Usmaniyya, kuma ana salla a masallacin Ibrahim Pasha da ke cikin tsohon gari. Ka tambayi mutanen wurin inda suke sayen nama.