Za mu iya kawo kyanwar Hajiya daga Kano zuwa Ingila?

Wata 'yar'uwa daga Bamingam ta rubuto cewa sun je hutu Kano, yaranta suka shaƙu da kyanwar kakarsu, tun da suka dawo kullum sai kuka. Tana tambaya ko akwai hanyar kawo ta.

'Yar'uwa, hanya akwai, amma doguwa ce. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Birtaniya ta sassauta wa doka kan ciwon haukan kare. Farko sai likitan dabbobi ya sa wa kyanwar maikurocif, wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da ake sakawa ƙarƙashin fata, ɗauke da lambarta. Bayan nan ne za a yi mata allurar rigakafin haukan kare. Idan aka fara da allurar kafin na'urar, an yi aikin banza, sai an sake. Bayan aƙalla kwana 30 da yin allurar a ɗebi jininta a aika ɗakin gwajin da aka amince da shi, sannan a jira wata 3 daga ranar ɗibar jinin. Sai takardar shaidar lafiya, sai jirgi, kuma a ɓangaren kaya za ta zo, ba a cinyar yara ba. Takarda ɗaya ta samu tangarɗa, ana iya killace ta har wata 4, ke za ki biya.

Shawarata ki bar ta a wajen Hajiya. Kyanwa da gida take shaƙuwa sosai. Wannan goga kumatu da take yi a ƙafar mutum da bakin ƙofa, ƙamshinta take shafawa don ta shaida nan wurinta ne. Wadda ta saba da tsakar gida da hawan katanga, a kulle ta a bene cikin sanyi, takura za ta yi. Kuma ki duba Hajiya: jikoki sun tafi, wa zai rage mata kewa? In kun kira bidiyo, a nuna wa yara ita, ki riƙa ƙara ɗan wani abu a kuɗin da kike aikawa saboda abincinta da rigakafi.

In har yaran sun nace, ƙungiyoyi irin su Cats Protection da RSPCA suna ba da kyanwoyin da ke neman gida. Kafin ki je, karanta takardar hayarki, ki nemi izinin mai gidan da kike haya a rubuce. Daga 10 ga Yuni 2024 doka ta wajabta maikurocif ga duk kyanwa a Ingila kafin ta kai mako 20, tarar kuwa tana iya kaiwa fam 500. Kuɗin likitan dabbobi ma daga aljihunki ne, hukumar kiwon lafiya ta gwamnati (NHS) ba ta shiga nan.

Ki kuma auna aikinki. Idan kina kwana wajen aiki, wa zai ba ta abinci ya share kwandon kashinta? Ranar da za ku je gida hutu, hannun wa za ki bar ta? Kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha.

Kada a taɓa ba ta farasitamol, yana kashe kyanwa. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka ragowar miya ba abincinta ba ne. Idan kina da juna biyu, ki bar wa maigida sharar kashinta, domin akwai ƙwayar cutar da ke iya taɓa ɗan tayi.