Re: Sun ƙi buɗe min asusun karɓar kuɗi saboda kayan mata nake sayarwa

Hajiya ba wai kamfanonin karɓar kuɗi da katin sun tsane ki bane, harkar magani ce gaba ɗaya suke ɗari-ɗari da ita, haka caca da kirifto da makamai da taba. Matsalar ita ce in kwastoma ta biya da kati daga baya ta ce ma bankinta abun bai mata aiki ba a dawo mata da kuɗinta, kamfanin da ya buɗe miki asusun ake fara cirewa, in abin yayi yawa kuma Visa da Mastercard su ci su tara. Ki samo lambar NAFDAC da rijistar CAC (hukumar rijistar kamfanoni) ki sake nema, sannan ki goge irin "yana maganin komai" ɗinnan a shafinki. Amma don Allah kar ki rubuta atamfa kike sayarwa, ranar da suka gano za su riƙe kuɗin ne.