Ƴata na son zama injiniya, amma kwalejinsu ba ɗakin gwaji

Tambaya, daga wani uba a karkarar Mirya: Ƴata bana za ta yi jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji. Lissafi ne ƙarfinta, kuma ta ce injiniya take son zama. Makarantarsu ba ɗakin gwaje-gwaje, ga dangi na cewa kimiyya ta maza ce, ta bi sashen adabi. Ta ina zan kama?

Amsa: Malam, Allah ya raya ta. Ka yi tambaya a kan kari, domin bana ne hanya ke rabuwa. Bayan BEPC ana tura ɗalibai ajin farko na lise, ko sashen A na adabi ko sashen C na kimiyya. Wadda ta shiga A kusan ta rufe wa kanta ƙofar aikin injiniya, tunda makarantun wannan fanni bak (jarrabawar ƙarshen lise) na C, na D ko na fasaha suke nema. Saboda haka kada ka jira sakamako. Je wurin darakta tun yanzu, ka ga makinta na lissafi da fizik cikin 20, ka gaya masa a fili C kuke so. Idan ta gama ajin farko na sashen C sai ta zaɓi C, inda lissafi da fizik suka fi nauyi, ko D mai ƙarfafa ilimin halittu. Ga mai son injiniya C ta fi, in maki ya kai. Akwai kuma lisen fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi.

Maganar dangi ba ta da tushe. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kayar da ƴan mata na karkara a lise shi ne masauki. Ana kai yarinya gidan ɗan uwa a Damagaram, kafin wata biyu ta zama mai aikin gida: asuba tana layin famfo da bido, ka kuwa san ƙarancin ruwan garin nan, dare ga wanke-wanke. Lissafin C ba ya yafe wannan, kullum yana son awa biyu na aikin hannu da biro. Ka zauna da mai masaukin kafin a buɗe makaranta, ku yanke aikin da za ta yi da wanda ba nata ba. Ka riƙa aika hatsi da kuɗin cefane, don kada a fanshe cinta da guminta. Saya mata fitila mai cajin rana tata ta kanta, kuma mahaifiyarta ta riƙa leƙa ta.

Rashin ɗakin gwaji kuwa akwai dabara. A ɗaure ɗan dutse da zare, a rataye a ƙusa, tsawon ya zama mita 1 daga ƙusar zuwa tsakiyar dutsen. A ja shi gefe kamar taƙi ɗaya a saki, a ƙirga zuwa da dawowa sau 10 da agogon salula. Za a samu wajen daƙiƙa 20, wato 2 kowane zagaye. A rage zaren zuwa santimita 25, sai kowane zagaye ya koma daƙiƙa 1. A sa dutse mai nauyi, lokacin ba zai canza ba, kuma wannan ne ke sa yaro ya tsaya ya yi tunani. Inda ake kuskure biyu ne: a ƙirga zuwa kawai a matsayin zagaye, sai adadi ya rabu biyu, ko a ja dutsen da nisa sosai, sai lokaci ya ɗan ƙaru. Don kimiyyar sinadarai, a zuba ruwan zoɓo marar sukari a kofi uku masu haske. A bar ɗaya yadda yake, a matsa lemun tsami a na biyu ya ƙara ja, a ɗiga ruwan kanwa a na uku ya juya zuwa kore mai duhu. Ta rubuta kowane gwaji a kaye da Faransanci, domin sau da yawa fahimtar tambaya ke kayar da ɗalibi, ba lissafin kansa ba.

Bayan bak ba lallai ta yi nisa ba. Jami'ar André Salifou tana nan Damagaram da sashen kimiyya da cibiyar fasaha ta IUT, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, ga makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai. Tallafin karatu na gwamnati ta hukumar ANAB ake nemansa. Wurin aiki ma akwai, ko matatar mai ta SORAZ da ke aiki tun 2011 tana buƙatar masu wannan ilimi.

A makon nan duba takardar haihuwarta. Suna da ranar haihuwa su dace da na rajistar makaranta harafi da harafi. In akwai saɓani, a je kotu a gyara tun kafin a rufe karɓar takardun jarrabawa.