Kwanon tangaran ɗin kakata, na sarakunan Sin ne?

Tambaya: Salam Anti, cikin kayan jeren kakarmu na samu wani ƙaramin kwanon tangaran mai furanni ja da ruwan ɗorawa, ƙasansa akwai rubutun 'yan China, wai ɗan'uwana ya gani a intanet irinsu na miliyoyi ne. Gaskiya ne? Daga wata 'yar Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikissalam ƙanwata. Eh akwai masu tsada kam, irin wanda ake kira falangcai, a zamanin da, a garin Jingdezhen na ƙasar China ake gasa farin kwanon sannan a kai shi fadar sarki a Beijing masu zane su zana furannin da fenti mai ƙyalli a sake gasawa, ba na kasuwa ba ne, na sarki ne kawai. A 2018 an sayar da ɗaya na zamanin Sarki Kangxi a Hong Kong kusan dala miliyan 30.

Amma fa kar ki fara rabon kuɗi tukuna! Wannan rubutun na ƙasa masu jabu ma suna bugawa, da kyar irin na fada ya iso jeren Kaka. Ki duba furen da kyau, zanen hannu za ki ji fentin ya ɗan taso in kin shafa. Kar ki goge shi da soson ƙarfe, ki nannaɗe shi a zani, ki ɗau hotonsa sama da ƙasa ki nuna wa masanin kayan tarihi kafin wani dillali ya ce miki dubu biyar.