Ko amsoshin da ake sayarwa za su fisshe ni a jarrabawar CCIE?

Tambaya: Malam, na ci ENCOR, jarrabawar share fage ta kamfanin Cisco, bara, yanzu jarrabawar lab (ta aiki da na'urori) ta CCIE Enterprise Infrastructure, babbar takardar shaidar ƙwarewa a harkar netwok, ce a gabana. Dala 1,600 ne kuɗin zama, ban da biza da jirgi zuwa Dubai, kuma bashi na ciwo. Wani a Telegram ya ce zai sayar mini da ainihin tambayoyin da amsoshinsu. In saya? Tsoron faɗuwa ya hana ni barci.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka saya. Kusan kullum sai an yi mini wannan tambayar, har na gaji da amsa ta.

Ka tuna yadda zaman yake tun da Cisco ta sauya fasalinsa a shekarar 2020. Awa 8 ne. Awa 3 na farko na tsara netwok ne, ana sako maka saƙonni da zane-zane kaɗan-kaɗan, kuma tambayar da ka wuce ta wuce, babu komawa baya. Sauran awa 5 kai ne da na'urori: ka saita, ka gyara, ka inganta. Kowane ɓangare akwai mafi ƙarancin makin da dole ka samu, sannan ga makin jimla. To a wanne hadda za ta cece ka?

Masu sayar da waɗannan takardu suna sayar da tunanin wani da ya fito daga ɗakin jarrabawa a gajiye, ya rubuta abin da ya iya tunawa, wani da bai taɓa zama ba ya ɗora masa amsa. Ko da tambayar ta yi kama, ya isa a canza adireshi ɗaya ko a ƙara sharaɗin cewa kada ka taɓa saitin rauta (na'urar da ke tura bayanai tsakanin netwok) kaza, shi ke nan haddar ta rushe. Na taɓa gwada wani matashi da ya zo mini yana bugun ƙirji ya haddace komai. Na canza MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayanan da zai iya wucewa, a ƙofa ɗaya ta rauta ba tare da ya gani ba. OSPF, tsarin da rautoci ke musayar hanyoyi da shi, ya maƙale a matakin EXSTART, bai gama haɗuwa da rautar da ke maƙwabtaka ba. Sau uku yana goge saitin yana sake liƙa wanda ya haddace, gumi na zuba, bai ko yi tunanin buga show ip ospf neighbor ya karanta abin da na'urar ke faɗa masa ba. Minti arba'in ya kashe a kan abin da bai kai minti biyu ba. A ɗakin jarrabawa kuwa ayyukan a sarƙe suke, in maƙwabtakar rautoci ba ta tsaya ba, duk abin da aka gina a kanta ya tafi da makinsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu sayarwar ba sa gaya maka cewa ka amince da yarjejeniyar sirri da Cisco. In aka kama ka, za a iya soke sakamakonka, a ƙwace takardun shaidar da ka riga ka samu, a hana ka sake zama. Shi mai Telegram ɗin ya karɓi kuɗinsa ya toshe lambarka. Kuma ko ka tsallake, ranar da netwok ɗin banki ya faɗi da ƙarfe biyun dare aka ce a kira mai CCIE, wa za ka kira? Amana ce aka ɗora maka, kuma albashin da ka ci da takardar ƙarya sai ka yi bayaninsa gobe kiyama.

Kuɗin nan ka ƙara wa kwamfutarka RAM, ka ɗora EVE-NG ko CML, manhajojin kwaikwayon na'urorin netwok. Fasahohin netwok irin su OSPF da BGP da MPLS da DMVPN za su tashi a kanta, amma SD-WAN da SD-Access suna da cin wuri, gara ka yi hayar lab ta intanet, ita Cisco ma tana bayarwa. Kada ka raina Python, harshen rubuta manhaja. Ka saba da neman abu a takardun bayanin na'urorin Cisco da hannu, don su za ka samu a ɗakin jarrabawa. Ka sa aboki ya riƙa lalata maka saiti a ɓoye kana gyarawa.

Cin ENCOR ya ba ka shekara uku ka zauna jarrabawar lab, saboda haka babu mai korar ka. Kada ka biya kuɗin zama sai ka yi awa takwas cur a kujera, da agogo, waya a kashe, aƙalla sau uku. Ka tanadi man janareta kafin ka fara.