Matar da ta kira Sarauniya "Mrs Windsor": wace ce Leanne Wood?

Tambaya: Na ji an ce akwai wata 'yar majalisa a yankin Wales da aka taɓa kora daga zauren majalisa saboda ta ƙi kiran Sarauniyar Ingila da sarautarta. Da gaske ne? Wace ce ita, kuma ina ta ƙare? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, labarin gaskiya ne. Sunanta Leanne Wood, abin kuma ya faru a Disambar 2004. Ana cikin muhawara a majalisar Wales da ke Cardiff sai ta ce wa Sarauniya Elizabeth "Mrs Windsor", wato da sunan gidansu kawai ba sarauta, kamar dai wata maƙwabciyarta. Wani ɗan jam'iyyar Labour, Leighton Andrews, ya yi ƙorafi. Shugaban majalisa Dafydd Elis-Thomas, wanda ɗan jam'iyyarta ne ma, ya ce ta janye maganar. Ta ce atafau, aka ce ta fita. Ita dama ba ta taɓa ɓoye cewa ba ta yarda da mulkin gado ba. Ka riƙe sunan Andrews ɗin nan, za mu sake haɗuwa da shi.

An haife ta a 1971 a Rhondda, kwarin masu haƙar kwal a kudancin Wales. Tana 'yar shekara goma sha ne aka yi dogon yajin aikin mahaƙa na 1984 zuwa 1985, daga nan ramukan kwal suka yi ta rufewa, magidanta suka koma zaman kashe wando. Wanda ya tashi a irin wannan wuri ba ya buƙatar a karanta masa talauci a littafi. Ta shiga Plaid Cymru, jam'iyyar masu son Wales ta ci gashin kanta, ta yi kansila, ta kuma yi aikin sa ido kan masu laifin da kotu ta sallama bisa sharaɗi. A 2003 ta shiga majalisa, a zaɓen da ya kawo mata 30 da maza 30 cif.

A ganina jaridu sun cika zuzuta maganar Sarauniya, alhali babban aikinta yana wani wuri dabam. A lokacin, ƙarfin Plaid Cymru a arewa da yammacin Wales yake, inda harshen Welsh ke raye a gida da kasuwa. Mutanen kudu kuwa Turanci suke yi, kuma Labour suke zaɓa tun kaka da kakanni; da yawansu na ganin Plaid ba tasu ba ce. Sai ga shi a Maris ɗin 2012 jam'iyyar ta miƙa ragamarta ga Wood: mace ta farko a kujerar, kuma shugaba na farko da harshen Welsh bai zauna a bakinsa ba, don a lokacin tana kan koyo.

A wancan zamani kujerun majalisa 60 ne: 40 na mazaɓu, 20 na jerin sunayen da jam'iyyu ke bayarwa a shiyyoyi. Ta jerin sunaye Wood take shiga, hanya mai sauƙin haɗari. A 2016 ta tsaya a Rhondda kanta, gidan Labour, ta kayar da ministan da ke riƙe da kujerar da ratar ƙuri'u sama da 3,000. Ministan nan shi ne Leighton Andrews.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka zo zaɓen Ministan Farko, wato shugaban gwamnatin Wales, a majalisa, ita da Carwyn Jones na Labour suka yi kunnen doki, 29 da 29, domin 'yan jam'iyyun Conservative da UKIP sun mara mata baya, mutanen da ba sa ga maciji da ita a aƙida. Sai da aka yi mako guda ana sasantawa kafin Jones ya koma kujerarsa.

Daga nan tauraruwarta ta fara dusashewa. Wasu a jam'iyya suka ce ta ci Rhondda amma ba ta jawo sauran kudu ba. A Satumbar 2018 Adam Price ya karɓe shugabanci, ita ta zo ta uku. A 2021 kuma Labour ta ƙwace Rhondda ta hannun wata mata, Buffy Williams, Wood ta bar majalisa bayan shekara 18 a cikinta.